Sikila, sauro da kulorokwin: darasin da ɗalibanmu ke haddacewa su zubar

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, 'yar ƙanwata da ke karanta ilimin halittu a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan na Kaduna ta zo gaishe ni a Tudun Wada, jakarta cike da takardun lakca. Kwasa-kwasai uku ne suka tsaya mata a wuya: ilimin gado, juyin halitta, da ilimin yawan halittu a muhallinsu. Na tambaye ta yaya take fama da su, sai ta ce, "Kawu, na farkon lissafi ne, na ƙarshen zane-zane ne, na tsakiyan kuwa haddace shi muke yi mu zuba wa malam a takarda, mu fito mu yi istigfari." Ba da wasa ta faɗa ba. Kafin ta tashi kuma ta ba ni labarin ƙawarta da aka fasa aurenta bayan an sa rana, saboda gwaji ya nuna ita AS ce, saurayin ma AS. A zama ɗaya ta kawo zantukan nan biyu, amma ba ta ga igiyar da ta ɗaure su ba.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ba laifinta ba ne ita kaɗai. Haka ake koyar da su: kowane kwas da malaminsa da takardunsa, misalan kuma na tsuntsayen tsibiran Galafagos ne da faɗa-wutan dazukan Ingila. Ɗalibi zai gama bai taɓa jin cewa kwasa-kwasan nan uku magana ɗaya ce aka raba gida uku ba, bai kuma san cewa misalin da malaman jami'o'in duniya suka fi kawowa idan za su haɗe su yana gudana a jinin kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu da ke zaune a ajinsu ba. Wani ɓangare na ƙidayar da ta tabbatar da shi ma a ƙasar Hausa aka yi ta.

Bahaushe ya daɗe da sanin gado. Shi ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wato ya lura ɗa kan ɗauko iyaye, wani lokaci kuma ya fito da abin da ba a gani a jikin uwa ko uba ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wani balaraben ƙauye ya zo wa Manzon Allah (SAW) cikin damuwa cewa matarsa ta haifi ɗa baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Aka ce ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Aka ce daga ina ya samo launin, ya ce wataƙila wata jijiya ce ta fizgo shi. Aka ce masa ɗan naka ma wataƙila haka ne. Abin da Gregor Mendel ya ƙara a kan wannan sani shi ne ƙirga. Limamin coci ne, ya yi kusan shekara takwas yana barbarar wani nau'in wake a lambu yana ƙidaya 'ya'yan, ya buga sakamakonsa a 1866. Ya gano cewa hali yana tafiya ne da ƙwayar gado guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ɗayar tana iya ɓuya a bayan 'yar'uwarta zuriya bayan zuriya ba ta narke ba, sai ranar da ta gamu da irinta ta bayyana.

Sikila ke nan. Jan abin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, wanda ake kira himogulobin, umarnin ƙera wani sashe nasa yana rubuce a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Cikin haruffa kusan biliyan 3 da ke cikin DNA na mutum, harafi ɗaya tak ya sauya a wurin nan, sai ƙwayar gadon himogulobin ta asali, wadda ake kira A, ta koma wadda ake kira S. Wanda ya gaji S daga ɓangare ɗaya, wato mai AS, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya gaje ta daga ɓangarori biyu, wato mai SS, ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi musu ƙaranci, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120 da lafiyayyar ƙwaya ke yi. Daga nan ciwon ƙashi yake, da ƙarancin jini, da idon da ke yin rawaya. Likitocin Turawa ba su rubuta bayanin ciwon ba sai 1910, a jikin wani ɗalibi baƙar fata a Shikago. Mu kuwa da sunayenmu muka san shi, amosanin jini, sanyin ƙashi. Kuma duk lokacin da na ji sunaye irin su Ajuji da Ayashe, waɗanda ake laƙaba wa ɗan mai wabi don mutuwa ta ƙyale shi, nakan yi tunanin iyaye mata nawa aka kira masu wabi alhali S biyu ce ke gamuwa a cikinsu, zazzaɓi yana ƙarasa sauran.

Akwai kuskuren da nake ji a bakin har waɗanda suka yi boko. Ana cewa idan AS ta auri AS, ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne zai zama SS, sai mutum ya ɗauka rabo ne da aka ƙayyade: in an samu ɗaya, sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, bai san abin da na gabansa ya ɗauko ba. Idan ka lissafa, cikin gidaje 100 irin waɗannan masu 'ya'ya huɗu-huɗu, kusan 32 ne kawai za su fita ba SS ko ɗaya. In 'ya'yan shida ne, kamar yadda aka saba a gidajenmu, gidajen da za su tsira ba su wuce 18 ba. Wasu gidajen kuma uku za su samu a jere. Wannan lissafin ajin farko ne, amma rashin saninsa ya jefa gidaje da yawa cikin jinya ta shekaru.

Ilimin gado a nan ya tsaya. Ya gaya maka abin da zai faru a gida ɗaya. Tambayar da ba zai iya amsawa shi kaɗai ba ita ce: me ya sa S ta yi yawa haka a cikinmu? Ana kiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Kafin zuwan magungunan zamani, kusan duk mai SS yakan rasu tun yana ƙarami, kuma duk wanda ya rasu ya tafi da S biyu kabari bai bar wa kowa ba. Abin da ake kwashewa daga rumbu kowace shekara ba a zubawa, ai ya kamata ya ƙare. To me ke zubawa?

Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, shi ya kawo hujjar amsar a 1954: yara masu AS sun fi masu AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Binciken da aka yi daga baya a gaɓar tekun Kenya ya nuna kariyar ta kai kusan kashi 90 cikin 100 daga nau'in da ke kisa. A kula, ba a ce mai AS ba ya zazzaɓi ba. Yana yi, yana kuma bukatar gidan sauro da magani kamar kowa. Abin da ya fi tsira daga gare shi shi ne wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa ko ya shanye jinin yaro cikin kwana biyu.

Sai ga Garki. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro da aka taɓa yi, a ƙauyukan Garki, lokacin tana jihar Kano, yau tana Jigawa. Sun gwada jinin dubban mutane. Cikin jarirai sabbin haihuwa, kashi 24 cikin 100 AS ne, kusan kashi 2 kuma SS. Cikin waɗanda suka haura shekara biyar, AS sun kai kashi 29, SS kuwa da ƙyar ake samun su. Ba wanda jininsa ya sauya tsakanin haihuwa da shekara biyar. Abin da ya faru shi ne mutuwa ba ta ɗauka daidai-wa-daida ba: sikila ta kwashe SS, zazzaɓi ya fi ɗaukar AA, sai kason AS ya hau a cikin waɗanda suka rage.

Na ce wa 'yar tawa ta ɗauko biro. Idan manya 29 cikin 100 AS ne, aure nawa ne cikin 100 zai haɗa AS da AS in ba a yi gwaji ba? Ta ninka, ta samu takwas da 'yan kai. Rubu'in 'ya'yansu? Biyu da ɗan ɗoriya. Wato kashi 2 ɗin nan da aka ƙirga a jariran Garki. Ta sake lissafa na AS a jarirai, ya faɗo a kan 24 da wani abu. Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ai wannan shi ne Hardy da Weinberg." Shi ne kuwa, ƙa'idar da wani masanin lissafi na Ingila da wani likita na Jamus suka fitar kowa daban a 1908, wadda ta haddace da baƙaƙen p da q ba ta taɓa zuba mata mutane a ciki ba. Kowace zuriya tana farawa da 24, rariyar mutuwa ta mayar da ita 29, su kuma su haifi 24. S tana zuba ta ƙofar sikila, tana ƙaruwa ta ƙofar zazzaɓi, ma'aunin ya tsaya a inda asarar biyu suka yi kunnen doki.

Wannan shi ne juyin halitta a ma'anar da masana ke aiki da ita kullum: sauyin kason ƙwayoyin gado a cikin al'umma daga zuriya zuwa zuriya. Abin da Darwin ya kira zaɓin yanayi a 1859, ni tankaɗe da rairaya nake kiransa. Ana haihuwa fiye da waɗanda za su rayu su haihu, waɗanda aka haifa ba iri ɗaya ba ne, bambancin kuma ana gadonsa. In waɗannan uku suka haɗu, dole kason ya motsa. A lura da tsarin abin: ba jiki ne ya ga sauro ya ƙirƙiro S don ya kare kansa ba. Kuskuren harafin ne ya fara aukuwa, a jikin mutum ɗaya, sannan zazzaɓi ya yi ta rairaya. Wani nazari da Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan asalin Najeriya, suka buga a 2018 ya kiyasta cewa abin ya faru kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa. Yau in ka ɗora taswirar S a kan taswirar zazzaɓi ta da, za ka ga sun hau juna: Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, gabashin Saudiyya, tsakiyar Indiya, wasu sassan Girka.

Ba dukkan misalan ne na ciwo ba. Yawancin mutanen duniya jikinsu kan rage narkar da sukarin madara bayan yaye, amma Fulani da yawa suna ɗauke da ƙwayar gadon da ke barin wannan aiki a buɗe har tsufa. Al'ummar da ta rayu a bayan saniya dubban shekaru, wanda cikinsa ya karɓi madara ya fi samun abin rayuwa a lokacin tsanani. Rariya ɗaya ce, abin da aka zuba mata ne ya bambanta.

Yanzu mu koma kan ƙawar da aka fasa aurenta, domin a nan ne rashin haɗa darussan yake cutarwa. Ina goyon bayan gwaji kafin aure ba tare da wata tantama ba, kuma gara a yi shi tun kafin zukata su shaƙu, ba ana saura mako biyu ɗaurin aure ba. Gara kuma a maimaita shi a wuri na biyu, don ana samun kuskuren sakamako. Amma masu cewa gwaji zai kawar da S daga cikinmu ba su yi lissafi ba. A jarirai 100 na Garki akwai S guda 28: huɗu a jikin SS biyu, 24 a jikin masu lafiya. Wato shida cikin kowace bakwai suna jikin mutanen da ba abin da ke damunsu. Idan duk AS ta auri AA, ba za a haifi SS ba, wannan babbar nasara ce, amma rabin 'ya'yansu AS ne, kuma jikoki ma sai sun yi gwaji. Gwaji yana raba S da S ne, ba ya rage ta. Saboda haka kallon da wasu suka fara yi wa yarinya mai AS kamar mai aibi, har uwar miji ta ce ita ɗanta sai AA alhali shi ma AA ne, jahilci ne da aka yi masa rigar ilimi. Mutum ɗaya cikin huɗu ba aibi ba ne, kuma abin da take ɗauke da shi shi ya tsare kakanninta har aka kai ga haihuwarta. Masu SS ɗin ma ba na zamanin Garki ba ne. Da gwajin jarirai, da rigakafi, da maganin kariya daga zazzaɓi, da maganin sikila na haidiroksiyuriya, ga su nan a jami'o'i da ofisoshi da gidajen aurensu.

Auren zumunci, tuwona maina, yana ƙara yiwuwar gamuwar S da S, tunda 'ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na abin da suka gada. A lissafi yakan ɗaga kashi 2 ɗin nan zuwa kusan 3. Ƙari ne na gaske, amma ga S da ta cika gari, bare ma ba tsira ba ne. Inda auren dangi ya fi tasiri shi ne cututtukan gado da ba su da yawa a cikin jama'a.

Rariyar da ta yi aiki a kanmu tana aiki a kan abokan gabarmu, kuma su nasu ya fi sauri nesa ba kusa ba. Mutum sai ya yi shekara 25 ko 30 kafin zuriya ta juya. Sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana goma ne ko ƙasa da haka in da zafi. A 1954 aka fara wani shirin feshin gidaje a yammacin lardin Sakkwato. Ba a cika shekara biyu ba aka tarar sauron yankin Birnin Kabi ya daina mutuwa da maganin diyaldirin. Aka kai irinsa Landan, aka yi ta haɗa shi da wanda magani ke kashewa ana ƙirga 'ya'yan, sai ga shi juriyar tana bin lissafin Mendel sak, kamar wakensa. An buga wannan a 1956. Ɗalibanmu nawa suka san cewa ɗaya daga cikin misalan farko na juriyar sauron Afirka daga Kabi ya fito?

Mutane kan ce sauro ya saba da magani, kamar yadda ake sabawa da yaji. Ba sabo ba ne. Sauron da aka fesa wa fiya-fiya ko ya mutu ko ya rayu, ba ya koyon komai. 'Yan ƙalilan da suka zo duniya da ƙwayar gadon juriya su ke rayuwa, su ke yin ƙwai, bayan 'yan damina kuma jikokinsu ne suka cika unguwa. Bambancin fahimtar nan ba ƙarami ba ne. Wanda ya ɗauka sabo ne zai ƙara yawan maganin. Wanda ya gane rairaya ce zai sauya maganin, ko ya haɗa biyu masu kisa ta hanyoyi daban, domin da wuya sauro ɗaya ya zo da makaman biyu a lokaci guda. Dalilin da ya sa sababbin gidajen sauro suke zuwa da sinadari biyu ke nan, bayan da juriya ga na farkon ta bazu a Afirka.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan yana tuna kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, yana kuma tuna lokacin da ya daina aiki. Ƙwayar cutar mai jure masa ta ɓulla a kan iyakar Tailan da Kambodiya a ƙarshen shekarun 1950, ta iso gabashin Afirka a 1978, ta ratso nahiyar. Najeriya ta sauya zuwa magungunan haɗi na ACT a 2005. Abin da ya fi jan hankalina shi ne na Malawi. Sun janye kulorokwin tun 1993, bayan kimanin shekara goma kuma aka duba aka tarar ƙwayar mai juriya ta kusa ɓacewa. Juriya kaya ce mai nauyi. In ba maganin a jinin mutane, wadda ba ta ɗauke da kayan ta fi saurin yaɗuwa. Daidai da S: riba a wani muhalli, asara a wani. Yanzu an tabbatar da alamun juriya ga atemisinin, ginshiƙin ACT, a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Duk wanda ya shiga kemis ya sayi rabin magani, ko ya sha na kwana ɗaya ya ji sauƙi ya ajiye sauran, ko ya sha ba gwaji, yana taya rariyar aiki ne a cikin jininsa.

Saura kwas na uku, wanda ta kira zane-zane. Layukan nan masu hawa su lanƙwashe, su ne bayanin ƙarfin rariyar. Kowa a Kaduna ya san zazzaɓi yana bin damina, ya tsananta daga Agusta zuwa kaka. Amma ba kowane sauro ba ne. Mai kukan nan da ke tashi daga baƙin ruwan kwata yana hana barci, jinsin Kyules ne, ba ya ɗauke da zazzaɓin. Anofilis mai ɗauke da shi ya fi son ruwan da rana ke duka wanda bai ƙazantu sosai ba: sawun taya, ramin da aka haƙa aka buga bulo, kududdufin bayan gida, fadamun bakin kogi irin na Rafin Guza da Kabala da Nasarawa bayan ruwa ya janye. Unguwa tana faɗaɗa, ramukan gini suna ƙaruwa, mazaunin sauro yana ƙaruwa. Macen tana zuba ƙwai har ɗari ko fiye a lokaci guda, shi ya sa makonni kaɗan bayan ruwa ya zauna yawansu ke tashi kamar wutar daji, har sai wurin ƙyanƙyasa ya iyakance su.

Ga wani abin da lissafin yawan halittu ya gano wanda ido ba zai ba ka ba. Ƙwayar cutar tana bukatar kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta kai ga yawunsa, sauro da yawa kuma ba sa kai wannan kwanakin. Tsohuwar sauro ce ke kisa. Saboda haka rage wa sauro tsawon kwana ya fi rage yawansa tasiri, kuma hikimar gidan sauro mai magani da feshin bango ke nan. Ronald Ross, wanda ya gano a 1897 cewa sauro ke ɗauke da cutar, shi ya fara nuna cewa ba sai an kashe sauro duka ba, akwai wani mizani da in aka sauko ƙasa da shi cutar za ta mutu da kanta. A Garki an yi feshi, an raba magani gida-gida, cutar ta faɗi ƙwarai, amma ba a kai ƙasan mizanin ba. Cizon ya yi yawa, wani kason sauron kuma a waje yake hutawa, ba ya sauka a bangon da aka fesa. Da aka daina, zazzaɓi ya dawo. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata a damina, daga irin wannan fahimtar ya fito: tunda ba a iya tsinke yaɗuwar ba, a tsare mafi rauni a watannin da layin ya hau.

Kwatanta shi da ƙudan tsando, wanda cibiyar bincikensa take nan Unguwar Rimi tun zamanin Turawa. Macen tsando ba ta zuba ƙwai, tsutsa ɗaya take haifa kusan kowane kwana goma. Halittar da ke haihuwa a hankali haka, in kana kashe ɗan ƙaramin kaso na matanta kullum da tarko, sai ta ƙare. Tana kuma bukatar inuwa da laimar kurmin bakin rafi. Da ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau a shekarun 1930, abin da aka yi a Anchau shi ne sare kurmin rafuka da tattara mutane a sabon mazauni, har aka kafa Takalafiya. Dabarar da ta ci tsando ba za ta ci sauro ba, dalilin kuma yana cikin zanen da ɗalibai ke kwafa ba su san na mene ne ba. Manoman tumatir da tsutsar sharon ta cinye wa gonaki a 2016, har jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai, sun ga ɗaya gefen: ƙwaro mai saurin haihuwa, baƙo a muhallin, feshi kuma yana ta rairaye masu juriya.

Ban manta da istigfarin ba, kuma ba zan yi kamar babu abin da ya jawo shi ba. Akwai babin asalin ɗan Adam. Ni musulmi ne, na yi imani da abin da Alƙur'ani ya faɗa game da halittar Annabi Adamu, kuma abokan karatunta Kiristoci na Sabon Tasha da Barnawa suna da irin wannan damuwar. Abin da masana fannin suke faɗa ba wai birin da muke gani ne ya rikiɗe ya zama mutum ba. Suna cewa ne jinsunan sun haɗa kakanni miliyoyin shekaru da suka wuce, suna kafa hujja da ƙasusuwan da aka tono da kamannin DNA, kuma wannan shi ne matsayin da fannin ya tsaya a kai. Ɗalibin da zai karɓi digiri a ilimin halittu wajibi ne ya san maganar yadda masu ita suka faɗe ta, da hujjojinsu, ba yadda ake yaɗa ta a majalisa ba. Yadda za a ajiye ta kusa da nassi kuwa, malaman addini sun yi magana, wasu sun ƙi ta gaba ɗaya, wasu sun karɓe ta a sauran halittu sun keɓe Annabi Adamu. Ba ni da matsayin yin fatawa. Abin da na sani shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya ce sauron Birnin Kabi bai sauya ba, ko kulorokwin yana nan da ƙarfinsa. Saboda babi ɗaya, yaranmu suna rufe zuciyarsu ga kwas ɗin gaba ɗaya, sai mu yaye ma'aikacin lafiya da bai san dalilin shanye magani duka ba, da malamin gona da ke ba da shawarar a ninka feshi.

Malamai ma da nasu. Ga Samaru a Zariya inda ake fitar da sababbin irin masara da wake, ga Shika inda ake zaɓen irin dabbobi da kaji, ga cibiyar tsando a tsakiyar gari, ga asibitocin da ke da layin masu sikila kowane mako. Ajin da ke zagaye da waɗannan bai kamata ya ƙare a kan allo ba. A 2020 an gano wani baƙon sauro ɗan asalin Asiya, Anofilis istifensi, a jihar Gombe. Shi ba ya jiran damina, a tankunan ruwa da durom-durom na cikin gari yake ƙyanƙyasa, irin waɗanda ke kowane gida a Rigasa da Kawo saboda ƙarancin ruwan famfo. Gane ko ya iso wata unguwa aiki ne na ludayi, da farin faranti, da madubin ƙara girma, da mutumin da zai riƙa zagayawa yana ɗiba yana rubutawa.

Da 'yar tawa ta dawo hutun nan, ta ce mini malaminta ya amince da taken aikinta na shekarar ƙarshe. Za ta ɗebo tsutsar sauro daga ramukan bulo a unguwanni uku, ta raine su har su yi fiffike, ta gwada nawa ne cikin ɗari maganin gidan sauro ke kashewa. Ta roƙe ni in nemo mata tsofaffin robobin fenti guda goma sha biyu da yadin labule mai ƙananan huji kafin ruwa ya zauna.